Ni Da Dillalai

Ran Lahadin da ta wuce na je suna a Yakasai, muna zaune ana ta hira, sai wata baiwar Allah ta jawo ni gefe, ta ce tana da magana. Mijinta ya rasu bara, ya bar mata 'ya'ya biyar da gida ɗaya. Ga shi 'yan'uwansa sun kawo dillali, an ce mata an taya gidan, an kuwa faɗa mata kuɗin, amma ita ba ta ga mai sayen ba, ba ta san sunansa ba, dillalin ma muryarsa kaɗai ta ji daga zaure. Ta ce, "Hajiya, an ce ke kin taɓa shiga irin wannan. In yarda?" Na ba ta amsa a gurguje, domin ana kiranmu cin abinci, amma tun daga ran nan abin ya tsaya mini a rai. Na san akwai irinta da yawa a cikin birnin nan, watakila ma ke da ki ke karanta wannan kina cikinsu. Shi ya sa na ga ya kamata in ba ki labarin abin da ya same ni a hannun dillalai, na gida da na fiton kaya, ki ɗauki abin da zai amfane ki.

Kada ki zaci zagin sana'ar zan yi. Ni 'yar dillaliya ce, da la'ada aka yi mini kayan ɗaki. Innarmu, Allah ya jiƙanta, da hantsi ta kan ɗora ƙunshinta a ka, ta bi gida gida tun daga Koki har Sharifai da Mandawari, ni kuwa ina biye da ita da ƙaramin ƙunshi. Matan kulle ba su zuwa Kurmi, sabo da haka ita ce kasuwarsu. Wannan ta ba ta kwalla ta sayar mata, waccan ta ce a nemo mata atamfa turmi biyu don bikin 'yarta. Wata kuma ta ja ta ƙurya ta miƙa mata 'yan kunnen zinariya, ta roƙe ta kada kishiya ta ji. Ba ta kuwa ji ba, har Inna ta koma ga Mahaliccinta. A zamanin fam da sule, kafin naira ta zo a 1973, sule guda Inna ta kan samu a fam guda, wata ran kuma a haɗa mata da ƙwaryar gero.

Akwai ran da ba na mantawa. Wata baƙuwa ta ba Inna awarwaro ta ce zinariya ne, Inna ta kai wa wata matar attajiri, aka biya. Bayan wata biyu maƙeri ya duba ya ce gami ne. Aka nemi baƙuwa sama ko ƙasa, ta bar gari. Inna ta kama akuyarta guda biyu ta aika da su kasuwa, ta cika da kuɗin adashinta, ta mayar wa matar da kuɗinta har kwabo na ƙarshe. Na yi kuka don akuyoyin, na ce ai ba laifinta ba ne. Ta ce, "Mai kaya ta gudu, ni ina zan gudu? Kowa ya san ƙofar gidanmu."

Ashe wannan ba halin Inna kaɗai ba ne, tsohuwar dokar Kano ce. Na girma na yi karatu kafin in san haka. A 1824, zamanin Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wani Bature mai suna Clapperton ya sauka a garin nan, ya shiga kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa, ya rubuta abin da ya gani. Cikin abin da ya ba shi mamaki har da wannan, cewa in an sayi riga ko turkuɗi a Kano, a kan rubuta sunan dillalin a cikin ƙunshin. Ko an kai kayan Barno, in aka kwance aka tarar ba su da kyau, sai a komo da su, a nemi dillalin da sunansa ke ciki, shi kuma tilas ya nemo mai kayan ya mayar da kuɗi. Kin ji fa, shekara ɗari biyu ke nan da suka wuce, ba waya, ba mota, amma mai saye ya san inda zai koma.

To, bari in zo kan gidan Babanmu. Baba ya rasu a 2021, ya tsufa ƙwarai. Ya bar matarsa guda, watau abokiyar zaman Innarmu wadda mu ke kira Gwaggo, da 'ya'ya maza uku, mata huɗu, ba shi da iyaye a raye. Gidan yana wani lungu bayan Kurmi, ginin ƙasa ne da azara, zaure biyu, ɗaki bakwai da rijiya a tsakar gida. Mota ba ta shiga lungun, ko mai babur sai ya yi dabara. Gida irin wannan ba ya rabuwa gida takwas, in ba so a ke wani ya gaji masai wani ya gaji zaure ba. Da fari ma ɗaya daga cikin ƙannena ya matsu, ya so ya sayar da rabonsa shi kaɗai ga wani baƙo. Malamin unguwarmu ya kira shi ya karanta masa hukuncin shufu'a, watau in mutane suna tarayya a gidan da ba a raba ba, ɗaya ya sayar da nasa kason ga bare, sauran suna da ikon su biya kuɗin da baren ya biya su karɓe. Ki riƙe wannan, domin mata da yawa ba su san suna da wannan haƙƙi ba, sai dai su wayi gari su ga baƙo yana auna tsakar gidan ubansu. Daga ƙarshe dai muka shirya a kan a sayar da gidan gaba ɗaya a raba kuɗin.

Yayanmu ne ya kawo dillalin, wani dattijo mai fara'a da su ke salla a masallaci ɗaya. Ba a rubuta kome ba, ba a kuwa yanka la'ada ba, aka ce ai ana tare. Nan ne kuskurenmu na fari. Wata bakwai ana abu ɗaya, yau a kawo wannan ya leƙa ya ce lungu ya yi ƙunci, gobe a kawo wancan ya taya da abin da ko zauren bai saya ba, Yaya ya ce albarka. Ran nan sai Yaya ya tara mu ya ce an samu mai saye, ya taya naira miliyan 8, dillali kuwa ya rantse ba za a samu wanda ya fi shi ba. Aka yi lissafi a gabanmu. Gwaggo tana da tumuninta, miliyan 1. Sauran miliyan 7 a kasa goma, kowane namiji kashi biyu, kowace mace kashi ɗaya, watau ni naira 700,000 ke nan kafin a cire la'ada. Na ce, "Yaya, wane ne mai sayen?" Ya ce wani ɗan kasuwa ne, dillali ya ce ba ya son a san shi tukuna. Na ce ni dai ban saba cinikin biri a sama ba. Ya ce mata ba su san sha'anin gida ba. Na yi shiru, amma ban ce na sallama ba.

Allah da ikonsa, maza suna ciniki a zaure, gaskiya kuwa ta tsakar gida ta shigo. Bayan kwana uku sai ga wata mata da 'yarta sun yi sallama, ta ce maigidanta ne zai sayi gidan, ta zo ta ga inda za ta zauna. Gwaggo ta shimfiɗa musu tabarma, na zaga da ita ɗaki ɗaki. Da muka zo madafi ta dubi rufin da ya yi baƙi, ta taɓe baki ta ce, "Oh ni, gidan miliyan goma, madafi kamar akurki." Na ce, "Miliyan nawa ki ka ce, 'yar'uwa?" Ta maimaita. Wallahi sai da na dafa bango. Miliyan 2 ke nan za su bi iska tsakanin bakin mai saye da kunnenmu, a cikinsu kuwa rabona kaɗai naira 175,000, ban da na Gwaggo, tsohuwar da ba ta da kowa sai Allah.

Da daren nan na aika aka kira Yaya. Ya ji kunya ƙwarai, ban kuwa ƙara masa ba, don na san bai ci ko kwabo ba, yarda ce ta yi masa yawa. Kashegari aka taru a zauren mai unguwa, aka kira dillali, aka kira mai saye, ni da ƙannena mata muna daga soron ciki muna ji. Abin da ya fito ya fi wanda na zata. Ashe dillalinmu ma bai taɓa ganin mai sayen ba. Shi ya gaya wa wani, wannan ya gaya wa wani a Fagge, na Fagge ya gaya wa wani yaro mai sa hotunan gidaje a WhatsApp, yaron ya gaya wa ƙanin matar mai saye. Mutum biyar, kowa ya ɗora nasa a kai, kowa kuma ya ɓoye wa na gaba da shi wanda ke bayansa, don kada a tsallake shi. Abin da ya sa ba a son mai gida da mai saye su haɗu ke nan.

Amma fa dattijon nan ya yi magana a ran nan wadda har yanzu ina tuna ta, kuma adalci ne in gaya miki. Ya ce wata bakwai yana yawo a kan gidanmu, mutum goma sha ɗaya ya kawo, da kuɗinsa ya ke sayen man babur da katin waya, ba wanda ya ba shi ko na goro. Ya ce dillali ba shi da albashi, in ciniki bai faɗa ba wahalarsa ta tafi a banza. Sau nawa ya kai mutum ya ga gida, mutumin ya ce bai yi masa ba, bayan sati biyu ya zagaya da dare ya shirya da mai gida, aka hana shi la'adarsa? Sau nawa magada suka sallama, aka ba da kafin alƙalami, sa'an nan wani ɗa ya dawo daga Legas ya ce shi bai yarda ba, aka bar dillali da mai saye yana binsa kamar ɓarawo? Ya ce akwai abokin sana'arsa da ya kwana a hannun 'yan sanda don wani ya ba shi fili ya sayar, ashe filin an riga an sayar wa mutum biyu. Duk gaskiya ne, na kuwa ji tausayinsa, don na tuna ƙafafun Inna da kaushi. Sai dai wahalarsa ba ta halatta masa kuɗin marayu da gwauruwa ba. Malam ya faɗa masa a gaban kowa, ya ce wanda aka wakilta ya sayar, amana aka ba shi, abin da mai saye ya biya na mai kaya ne, shi la'adarsa kaɗai ya ke da ita, sai fa in tun farko mai kaya ya ce masa abin da ya hau kaza naka ne. Ya kuma ja kunnensu a kan ɓoye aibin gida, da kawo ɗan'uwansu ya yi tayin ƙarya don a zuga mai saye, ya ce duk shari'a ta hana.

Aka daidaita a kan miliyan 10, mu mu ba da biyar cikin ɗari, mai saye shi ma ya ba da biyar cikin ɗari, su biyar ɗin su je su raba yadda suka ga dama. Kin ga da an faɗi haka tun ran farko, da ba wanda ya zubar da girmansa.

Saura maganar takarda, ita ce kuwa ta fi ba mu wahala. Yawancin tsofaffin gidajen cikin birni ba su da satifiket. Kakan Baba ne ya gina namu, shaidarsa ita ce maƙwabta da mai unguwa. Wani lauya ɗan ƙawata ya zaunar da ni ya yi mini bayani, ni ma ga shi zan yi miki a taƙaice. Tun 1978, lokacin mulkin Janar Obasanjo, aka yi dokar ƙasa wadda ta sa dukkan ƙasar jiha a hannun Gwamna, ya riƙe ta amana don jama'a. Mu nan Arewa abin bai zo mana baƙo ba, domin tun 1910 Turawa suka yi mai kama da ita, Gwamnatin Jihar Arewa kuma ta sabunta a 1962. Sabo da haka abin da ki ke saye ko sayarwa shi ne ginin da haƙƙin zama a wurin. Dokar ta amince wa wanda ya riga ya gina gidansa a birni kafin 1978 ya ci gaba da riƙonsa kamar an ba shi izni, amma ta ce in za a mayar da wannan haƙƙi ga wani, a nemi yardar Gwamna. Mutane da yawa ba su yi, sai ran da rigima ta tashi, ko a ke son rance a banki, sa'an nan ido ya raina fata. In gidan yana da satifiket, kada ki yarda da hoton takarda a waya, a je ofishin filaye na jiha, a sa su duba a ga sunan wa ke kai, a ga ko an jinginar da shi.

Mu dai lauya ya rubuta takardar ciniki, aka faɗi iyakar gidan gabas da yamma, kudu da arewa, da sunan maƙwabcin kowace kusurwa, har da inda ruwan indararo ke zuba, domin na ga zumuncin shekara hamsin ya lalace a kan indararo. Na dage sai kowane magaji ya sa hannunsa da kansa, mace da namiji, Gwaggo ta dangwala yatsa bayan an karanta mata da Hausa. Mai unguwa da liman suka yi shaida. Mai saye ya so ya kawo kuɗi a buhu, lauya ya hana, ya ce dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ba ta yarda mutum ya biya ko ya karɓi tsabar kuɗi fiye da naira miliyan 5 ba sai ta banki. Aka zuba wa kowa rabonsa a asusunsa, ba a bi ta hannun wani ba. Sa'an nan na roƙi abu ɗaya wanda ya ba maza dariya, na ce a rubuta sunan dillali a cikin takardar, da unguwarsu, da abin da aka ba shi, ya sa hannu. Ya yi jim, sa'an nan ya karɓi alƙalami.

In kuwa ke ce mai saye, ki ƙara lura. Yau kowa ya samu benci da waya ya zama dillali. Akwai masu ilmin ƙiyasta gidaje waɗanda hukumarsu, da aka kafa da dokar 1975, ta yi wa rajista, amma a lungunanmu ba su a ke kira ba, na unguwa a ke kira, da ɗan gari kuwa a kan ci gari. Ba laifi, muddin yana da ƙofar gidan da aka sani. Ki guji filin da aka ce miki araha ne a jikin badala, ko kududdufin da aka cike da shara jiya aka yanka yau, ko awon igiya wanda hukuma ba ta san da shi ba. Kowa ya ga abin da ya faru a watan Yuni na 2023, da gwamnati ta rushe kantunan Filin Idi da waɗansu gine-gine a garin nan. Ba ni da ta cewa a kan wa ke da gaskiya, amma da yawa cikin waɗanda suka yi kuka a ran nan hannu na biyu ko na uku suka saya, dillalan da suka kai su kuwa sun daɗe da cinye la'adarsu.

Kya ce wanda maciji ya sara in ya ga tsumma zai gudu. Ina! Ban cika shekara biyu ba na sake faɗawa. 'Yar ƙanwata tana sayar da takalma da jakunkunan mata, ta ce in kawo rabin kuɗin gadona mu haɗa, ita da waɗansu 'yan Kantin Kwari suna tara kaya a kwantena guda daga Sin. Na ba ta. A nan na san wani irin dillali kuma, watau mai fiton kaya. Sunan ma ya dace da shi, domin asalin fito shi ne mai jirgi ya haye da ke kogi ki biya shi. Wannan kuwa kayanki ya ke hayarwa ta hannun kwastan.

Aikinsa ba ƙarami ba ne, na kuwa sa an yi mini bayaninsa dalla-dalla bayan da na ƙone. Tun kaya ba su taso ba a ke cika takardar da a ke kira Fom M ta hannun banki, a faɗi irin kayan da kuɗinsu. Kwastan su duba su ba da takardar ƙiyasi. Kowane irin kaya a duniya yana da lambarsa a littafin kuɗin fito, lambar ce ke nuna abin da za a biya. Tun 2015 Nijeriya ta bi tsarin ƙasashen Afirka ta Yamma mai hawa biyar, akwai kayan da ba a biyan kome, akwai na 5 cikin ɗari, na 10, na 20, da na 35. A kan kuɗin kaya haɗe da kuɗin jirgi da na inshora a ke yin lissafin, sa'an nan a ƙara harajin saye na 7.5 cikin ɗari da waɗansu ƙananan kuɗaɗe. Mai fito shi ne zai nemo lambar da ta dace, ya shigar da bayani, ya biya ta banki, ya tsaya a buɗe kwantena a duba, ya biya kamfanin jirgi da masu tasha, ya fito da kaya. Kowace rana kaya suka ƙara bayan kwanakin da aka yafe, kuɗin ajiya hawa ya ke. Ba kuwa kowa doka ta yarda ya yi aikin ba, sai mai lasin daga hukumar kwastan, a na sabunta shi kowace shekara. Tsohuwar dokarsu ta 1958 ce, aka sake ta da sabuwa a 2023.

Su ma suna da nasu kukan. Da dala a ke ƙiyasta kaya, a juya zuwa naira. Da aka saki farashin naira a watan Yuni na 2023, sai lissafi ya rikice, a farkon 2024 kuwa farashin da kwastan ke aiki da shi ya yi ta sauyawa, mai fito ya faɗa miki kuɗi ran Litinin, kafin Alhamis ya zama maƙaryaci ba da laifinsa ba. Da aka rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, na Jibiya da Maigatari da Illela zaman kashe wando suka yi. In kuma mai kaya ya yi masa ƙarya, ya cusa gwanjo a bayan kwantena, alhali an hana shigo da shi, lasin mai fito ne zai fara shiga uku.

Namu dai ba wannan ne ya same shi ba. An zaɓe shi ne don ya fi kowa araha, ba wanda ya tambayi dalili. Ashe ba shi da lasi, na wani kamfani ya ke ara a biya shi. Ya karɓi cikakken kuɗin fito a hannunmu, ya je ya rubuta kayan da wata lamba mai sauƙi, ya rage kuɗinsu, ya soke saura a aljihu. Kaya suka fito daga Legas lafiya, a hanya jami'ai suka tsayar da mota, suka gwada takarda da abin da ke ciki, suka ga ba su yi daidai ba. Aikinsu suka yi. Aka nemi mutuminmu, waya a kashe. Aka je kamfanin da sunansa ke kan takarda, suka ce ba su san mu ba. Sai da aka sake tara kuɗi aka biya cikon da tara, kaya suka iso bayan Salla ta wuce, takalman da aka saya don 'yan mata su yi kwalliyar idi muka yi ta sayarwa da asara har damina. Kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da na zuba ya tafi. Abin da ya fi ƙona mini rai, ni da na tsaya kai da fata sai an rubuta sunan dillalin gida, ban ko tambayi sunan wannan ba. Yarinya ta ce "ajan ɗinmu", na ce to.

Da za su sake yin oda, na ce ba ni sa kwabo sai na ga mutum. Aka kai ni ofishin wani a Bompai, na ce ya nuna mini lasinsa na bana, ya ciro ya nuna, sunan da ke jiki shi ne a kan ƙofa. Na ce ya rubuta mini ladansa daban, kuɗin hukuma daban, in ya biya kuma ya ba mu takardar ƙiyasi da rasiɗin banki mu riƙe. Bai ji haushi ba, ya ce da kowa zai yi haka da ya huta. Shi ne ma ya ba mu shawara a rubuta tashar tsandauri ta Dala, wadda aka buɗe a Zawaciki a watan Janairu na 2023, a matsayin inda kaya za su sauka, don a yi fiton a nan kusa da mu, in da magana mu hau a-daidaita-sahu mu je da ƙafarmu. Kuɗinsa ya fi na wancan, na biya ban yi ciniki ba.

Shekaranjiya na bi ta lungunmu. Mai gidan ya rushe zauren fari ya yi shaguna biyu, ya bar rijiyar. A bakin titi na ci karo da dattijon dillalin nan a kan bencinsa, ya taso muka gaisa, ya tambayi Gwaggo, har ya ce in ina son fili yana da wani mai kyau wajen Ɗorayi. Na ce mai satifiket? Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ai ke ba a kawo miki wanda ba shi da shi."

Ita kuwa baiwar Allah ta Yakasai, na aika mata ta gaya wa 'yan'uwan mijinta ba ta ƙi ciniki ba, amma tana son a kawo mai saye da dillali zaure ɗaya, a kira mai unguwa, a faɗi kuɗi da ƙarfi yadda na cikin gida za su ji, tun da akwai rabon marayu a ciki. Sun ɗan yi gunaguni, sa'an nan suka sa ran Asabar bayan la'asar. Ta ce tana jin tsoro kada ta rikice, na ce ta shimfiɗa mini tabarma a bayan ƙofar soro, zan zo da alƙalami da takarda.